Yadda Muka Kai Baba Tanko Mirya da Mai Tsawa

Tun da na dawo daga Nijar ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayin bakin tasha sai a kewaye ni. "Garba Sifana, wai da gaske motar Alhaji ta kama da wuta?" "Wai jandarmomi sun ɗaure ku?" Wani ma cewa ya yi ya ji raƙumi ne ya jawo mu har Damagaram. To, babu wutar da ta kama, babu wanda ya ɗaure mu, raƙumi kuwa daga nesa muka hango juna. Bari in faɗa sau ɗaya, ku huta ni ma in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai gyaran injinan ban ruwa a Kura, har da tarakta in ta kama. Ba yabon kai ba, daga Kadawa zuwa Bunkure babu injin da aka taɓa kawo mini aka mayar da shi bai tashi ba. Shi ya sa Alhaji Inuwa na Bunkure, babban manomin alkama da tumatir, ba ya yarda kowa ya taɓa motar tserensa sai ni. A hannun wani Bature ya saye ta, injiniyan da ya yi aikin kanal, lokacin da zai koma ƙasarsu. Kujera biyu gare ta kacal, cikinta duk an gicciya ƙarafa kamar kejin kaji, in salansarta ta yi kuka sai tumaki su tsinke igiya. 'Yan Kura suka sa mata suna Mai Tsawa. Sau ɗaya Alhaji ya tuƙa ta, ta shiga da shi gonar albasar mutane, daga ranar ya koma kallonta daga nesa.

Shi kuma Baba Tanko, shi ne mai buɗe ruwa da rufewa a ƙofar kanal ɗinmu. Asalinsa mutumin Mirya ne, gabas da Damagaram. Ci-rani ya kawo shi ƙasar Kano yana saurayi, tun kafin a ba mu mulkin kai, ya yi aure ya zauna. Kowace shekara yakan ce bana zai je gida, kowace shekara kuma aiki ya riƙe shi. Mutum ne da bai iya ganin ɗigo ya wuce ba. Ko ramin ɓera ya gani a jikin kanal yana tsatsa, sai ya tsuguna ya cusa tsumma ya shafe da laka kafin ya amsa gaisuwarka. Haka kuma yake da kansa. Ranar da aka binne matarsa ina wurin, ban ga ko idonsa ya yi ja ba.

A bazarar shekarar da ta biyo bayan sake buɗe iyaka, an gama yankan alkama ke nan, wani ɗan ci-rani ya iso da saƙo. Yayar Baba, Iya Hajara, ita kaɗai ta rage masa a ɗakinsu, tana kwance ba ta ci ba ta sha, sunansa kawai take kira. Mai saƙon ya ce in zai je ya yi sauri. Akori-kurar Alhaji ta tafi Legas da tumatir, motar haya kuwa sai ta cika take tashi, ga canje-canje a hanya. Alhaji ya aiko aka kira ni.

"Garba, Mai Tsawa za ta iya?"

"Ranka ya daɗe, in ni ne a ciki, har Agadas za ta iya."

Kafin mu tashi na duba ta tsaf. Akwai abin da ya kamata ku gane a nan, don a kansa labarin ya tsaya. Injin tsere ba irin na ban ruwa ba ne da yake tafiya a kan murya ɗaya tun safe har yamma. Wannan yana juyawa da hauka, sai tururi ya taru a cikinsa, dole a ba shi hanyar fita. Saboda haka akwai wani siririn tiyo da ya fito daga murfin saman injin ya sauka cikin gwangwani a gefe, can ƙasa. Ta nan yake fitar da tururin tare da ɗan feshin baƙin mai, in gwangwanin ya cika ya ɗiga ƙasa. Ba ciwo ba ne, numfashinsa ke nan. Baƙin mai kuwa sai a daidai zanen geji, wato siririn ƙarfen da ake auna shi da shi, ba a so ya gaza, ba a so ya haura.

Alhaji ya ba mu galan na baƙin mai guzuri. Baba ya zo da turmin atamfa da ɗan buhun alkama na tsaraba, babu wurin sa su sai a cinyarsa. Da na ja masa bel ta kafaɗu biyu na ɗaure, ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ragon layya ka samu?" Muka bar Kura da hantsi. Tun daga Kwanar Dawaki ya rufe ido yana salati, bai buɗe ba sai da muka ratsa Kano muka fita ta hanyar Daura.

A Dambatta na tsaya shan mai. Na ɗaga bonet don injin ya sha iska, na tafi neman ƙosai da ruwan sanyi. Mai ƙosan ta tsare ni da tambaya ko jirgin sama ne aka cire wa fukafukai. Da na dawo na tarar da Baba yana goge hannu da ciyawa, fuskarsa a sake, karo na farko tun safe. Na ɗauka tsayawar ce ta yi masa daɗi. Na rufe bonet muka wuce.

Daga Kazaure zuwa Daura na sakar mata giya, motar nan ta nuna abin da aka ƙera ta dominsa. Manyan motoci muna hango su gaba, sai mu gan su a madubi. Sai dai kafin mu kai Kwangwalam hancina ya fara jiyo ƙaurin mai. Kaɗan ne, amma hancin makaniki ba ya yi masa ƙarya.

A namu ɓangaren iyakar ba mu daɗe ba. Ma'aikatan sun fi damuwa da leƙa cikin motar fiye da takardunmu, ɗaya har ya roƙi in taka totur ya ji. A ɓangaren Nijar ne muka ga sabon abu. Mun isa rana tsaka, an gitta ƙarfe a hanya, ofis a rufe. Wani mai sayar da goro ya ce mana, "Sun tahi hutawa, sai rana ta yi sanyi." Wato su can in rana ta take, hukuma gaba ɗayanta kwanciya take yi. Mu da muke ban ruwa a tsakiyar rana, abin ya ɗaure mini kai. Baba ya yi ta kai da kawowa a gaban ƙarfen nan da atamfarsa a hammata, yana duban gabas. Ban taɓa ganinsa haka ba, kuma ya ba ni tausayi ƙwarai.

Ni kuma na leƙa ƙarƙashin mota, na ga ɗigo ba a wurin da na saba gani ba. Murfin sama yana gumi ta ko'ina. Na zaro geji, mai ya haura zane sosai. Na dubi inda muka tsaya, gangare ne, sai na ɗora wa gangaren laifi. Na ɗan ƙara wa notuna ƙarfi na rufe.

Da jandarman ya fito, wato jami'in tsaron can, wani dogo mai fuska a ɗaure, sai da ya sara mana tukuna ya karɓi takardu. Ya tambayi Baba inda za shi. Baba ya ce Mirya, unguwar magina tukwane, ya faɗi sunan mahaifinsa. Kuma wallahi a take harshen Baba ya juye, mutumin da na sani da Kananci tsantsa sai ga shi yana "lahiya lau" yana "hwa". Jandarman ya mayar masa da takarda ya ce, "Tsoho, ka daɗe. Allah shi sa ka iske ta." Ya ɗaga ƙarfe da kansa.

Ba mu yi nisa ba abin ya auku. Na taka motar don mu rama lokacin da muka ɓata, sai na ji fat! a gaba. Hayaƙi ya turnuƙe ta gefen bonet, gilashi ya yi ɗige-ɗigen baƙi, jar fitilar mai ta fara ƙiftawa. Na kashe inji na gangara gefe. Da na buɗe, geji ya yi tsalle ya fito daga raminsa, mai ya wanke komai, yana zuba a kan salansa yana ƙonewa. Wannan ce wutar da ake ba ku labari. Na jira ta huce, na mayar da geji, muka lallaɓa a hankali kamar masu rakiyar amarya har Matamaye.

A nan aka nuna mana rumfar wani makaniki, Malam Isufu, gajere mai yawan dariya, wanda yake kiran sifana "kile", fetur kuma "isansi". Bai tambaye mu ko su wane ne mu ba sai da ya shimfiɗa tabarma ya kawo fura. Su can fura ce abincin rana, ba abin sha ba, kuma a ƙwarya ɗaya ake zagayawa da ludayi ɗaya. Bayan nan muka shiga injin ni da shi. Gasket ɗin murfin sama, wato shimfiɗar da ke hana mai tsatsa, ya tsage, sil ɗin gaba, zoben robar da ke tare mai, ya turo waje. Na ce masa wannan ba tsufa ba ne, wani abu ne ya tura su daga ciki. Na bi siririn tiyon nan da hannu har ƙasa, na jawo bakinsa sama.

An feƙe ƙaran dawa, an naɗe shi da tsumma, an cusa a bakin tiyon, an ɗaure da robar tayar keke. Aiki mai kyau, ko iska ba za ta wuce ba. Kuma na san hannun, don na ga irinsa a jikin kanal ba sau ɗaya ba. Na ɗauko galan ɗin Alhaji na girgiza, babu komai a ciki.

Na juyo. Baba yana tsaye a bayana.

"Ni na toshe," in ji shi. "A Dambatta na ga tana ɗiga. Na ce kada ta tsiyaye a hanya mu kasa isa. Na mayar mata da abin da ya zube."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. "Haba Baba! Mota ce, ba fangalin albasa ba! Ka toshe mata hanci, ka ɗura mata mai har wuya, ta ina za ta yi numfashi? Dole ta fasa ta wani wurin!"

Ya karɓi ƙaran daga hannuna yana jujjuya shi. Can ya ce, a hankali, "Ke nan in Hajara ta tafi ban iske ta ba, da hannuna na yi."

Nan fushina ya mutu. Na ce, "Baba, zauna. Ni ne Garba Sifana. Gobe da hantsi kana gabanta in Allah ya yarda."

Na faɗa da ƙarfi don shi ma Malam Isufu ya ji, amma gasket ɗin irin wannan mota babu shi a Matamaye, ba na ma tsammanin akwai a Damagaram. Malam Isufu ya ce a kwantar da hankali. Ya shiga kasuwa ya dawo da kwali mai kauri, irin wanda ake zubo sukarin ƙwaya a ciki. Na ɗora shi a bakin murfin, na bi gefe-gefe da ƙaramar guduma ina ƙwanƙwasawa har siffar ta fito da ramukan notunanta, muka shafe shi da gam ciki da baya. Sil ɗin gaba bai yage ba, Allah ya taimaka. Akwai wani ɗan siririn sifirin a cikinsa mai matse shi, na kwance shi na rage masa tsawo kaɗan don ya ƙara kamawa, na mayar na buga shi daidai. Muka kwance noti na ƙasa muka tsiyaye rarar mai a tasa har ya dawo kan zane. Notunan murfi kuwa na ɗaure su a gicciye, wannan gefe sannan wancan, ba da ƙarfin tsiya ba, don yawan matsi ma tsaga gasket yake yi. Tiyo na busa shi da baki sai da na ji iska ta fita sarai. Magariba ta same mu a nan, gam kuma sai ya kwana yake kamawa.

A zauren Malam Isufu muka sauka. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, da wani burodi dogo kamar taɓarya, mai tauri, wanda in ka ba ɗan Kura zai ɗauka na bara ne. Sannan shayi a 'yan ƙananan kofuna, ɗaci kamar maɗaci, kuma sai an yi zagaye uku kafin a sallame ka. Na sha na farko na ajiye kofi na ce alhamdu lillahi, suka yi ta dariya, wai ko gaisawa da shayin ban yi ba. Baba bai taɓa tuwon ba.

Da gari ya waye na tayar da inji. Matsalar ita ce duk jikinsa baƙi ne da man jiya, ba ka gane sabon ɗigo daga tsoho. Muka wanke da kananzir, amma har yanzu yana sheƙi. Sai Baba ya matso, a ɗarare, kamar mai neman izini.

"In kanal yana tsatsa ban ga wurin ba, busasshiyar toka nake barbaɗawa. Inda ta fara jiƙa, nan ne."

Na ce, "Kawo tokar, Baba. Amma toka kaɗai, ban da ƙara."

Malam Isufu ya ƙyalƙyale da dariya, shi kansa Baba sai da gefen bakinsa ya motsa. Aka ɗebo toka daga murhun gidan, ya barbaɗa da hannunsa a kewayen murfi da bakin sil, yadda yake yi a gida. Na taka totur, muka zuba ido. Ko'ina fari fat, sai kusurwa ɗaya ta baya da ta yi duhu kamar ƙwayar gero. Na ƙara wa notin wurin rabin juyi, aka sake barbaɗawa, ta tsaya fara. Can ƙasa kuma tiyo yana hura tururinsa cikin gwangwani. Na nuna wa Baba na ce, "Wancan nasa ne, a bar masa."

Malam Isufu ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ce wanda za shi ga ɗan'uwa marar lafiya ba a yi masa ciniki. Baba ya kwance buhun alkamarsa ya zuba masa rabi a ƙwarya, wannan kam ya karɓa.

Daga Matamaye ƙafata tana ƙaiƙayi, amma na san kwalin sukari ne a kan injin, don haka na riƙe ta a tsaka-tsaki. Na ba Baba aikin kallon jar fitila, in ta ƙifta ya faɗa mini. Bai ɗauke ido daga kanta ba har muka ratsa Damagaram da manyan duwatsunta, ko kallon garin bai yi ba. Ni dai na ga mata a kan jakuna da tuluna, na ga 'yan makaranta suna gaishe mu da Faransanci. Fitila ba ta ƙifta ba.

Mirya gari ne na lambuna da tukwane, ko'ina ka duba an kife su a rana. Baba ya ce mu bi nan, muka bi, sai ga bango. Ya ce a'a can ne, can ma an gina. Garinsu ya ɓace masa. Sai da wata mai tallan tukwane ta ji sunan Iya Hajara ta nuna mana lungun. Muka tsaya a ƙofar gida, na kashe inji, muka kasa kunne. Babu tabarmi a waje, babu taron maza. Na ji Baba ya sauke numfashi.

Aka yi mana iso har ɗakinta. Tana kwance a kan gadon kara, ta rame ƙwarai, idanunta sun daina gani. Baba ya durƙusa ya yi sallama. Ta juyo da kai ta shaƙi iska.

"Wa ke warin man mato haka?"

"Ni ne, Yaya. Tanko ne."

Ta miƙo hannu ta laluba fuskarsa, ta sauka ga gemunsa, ta kama hannayensa masu baƙin mai da toka ta riƙe. Sannan ta ce, "Tanko, rani guda ka ce za ka yi. Sai yanzu ranin ya ƙare?"

Matan da ke ɗakin suka yi dariya suna share ido. Baba ya ajiye mata atamfa a gefe, ya ce yana zuwa, ya fita da sauri. Na bi shi. Na same shi a bayan Mai Tsawa ya dafa ta da hannu biyu, ya cije haƙora, kafaɗunsa suna rawa, yana ta haɗiye abin da ya taso masa. Na tsaya kusa da shi na ce, "Baba, wannan kam kada ka toshe shi."

Ya yi kuka kamar yaro, a bakin titi, gaban masu tukwane. Ni ma ban tsira ba.

Da la'asar Iya Hajara ta sha kunu daga hannunsa, abin da aka ce ta yi kwanaki ba ta yi ba. Washegari na juyo ni kaɗai, da tulu biyu a kujerarsa, na ɗaure su da bel. Kwalin sukari ya kawo ni har Bunkure bai yi gumi ba, na kuma faɗa wa Alhaji kada ya kuskura ya raina shi. Iya Hajara ta ƙara kwanaki, Allah ya karɓi abarsa tana jingine a jikin ƙanenta. Allah ya jiƙanta.

Bayan sadakar arba'in Baba ya dawo a motar haya. Ya zo gidan Alhaji godiya, ni kuma ina tsakar gida na tayar da Mai Tsawa tana ɗumi. Gwangwani ya cika, ɗigo yana sauka a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya tsaya a kai, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya mayar da hannayensa baya ya harɗe, ya wuce zauren Alhaji.